Masu Farautar Ajiya Da Bashin Wanda Ya Koya Musu

Ranar 3 ga Mayu, 2000, wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya ɗauki baƙin bokitin roba ya nufi bakin daji kusa da Beavercreek, a jihar Oregon ta Amurka. A cikin bokitin akwai littattafai, kaset-kaset na bidiyo, faifan manhaja, 'yan kuɗi, danƙon harbin tsuntsu da gwangwanin wake, sai kuma littafin da duk wanda ya zo zai sa hannu. Ya ɓoye bokitin, ya karanta lambobin wurin a na'urarsa ta GPS, ya koma gida ya watsa su a intanet. Sharaɗinsa ɗaya ne: wanda ya ɗauki wani abu, ya bar wani.

Ba banza ya zaɓi wannan makon ba. Shekara da shekaru gwamnatin Amurka na dagula saƙon da taurarin GPS ke aiko wa farar hula, da gangan, saboda tsaro, har na'urar mutum kan iya kuskuren wuri da mita 100. Ranar 1 ga Mayu Shugaba Bill Clinton ya sanar da ɗage wannan takunkumi, kafin gari ya waye kuskuren ya ragu kusan sau goma. Ulmer so yake ya gwada ko da gaske ne baƙon da bai taɓa zuwa wurin ba zai iya gano bokiti da lambobi kawai.

Cikin kwana uku mutum biyu suka gano shi. Mike Teague, wanda ya fara sa hannu, bai tsaya a murna ba: ya shiga tattara lambobin sababbin ajiyoyin da jama'a suka fara ɓoyewa a sassan duniya, yana jera su a wuri ɗaya don masu zuwa a baya. A ƙarshen watan wani Matt Stum ya raɗa wa wasan sunan da ya bi shi har yau, jiyokashin, wato farautar ɓoyayyar ajiya. A watan Yuli wani mai tsara shafukan intanet a Seattle, Jeremy Irish, ya ci karo da jerin Teague, ya sayi na'ura, ya fita neman ajiyarsa ta farko. Da taimakon Teague ɗin ne ya buɗe Geocaching.com ranar 2 ga Satumba, 2000, lokacin ajiyoyin da aka sani a duniya 75 ne kacal. Teague ya miƙa masa ragama.

Yau ajiyoyin sun haura miliyan 3, a ƙasashe sama da 190, har da Antaktika. A 2008 Richard Garriott ya bar ɗaya a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Duk mai ba da labarin wasan da taurari yake farawa, ya ƙare da waya. Amma wanda ya bi tarihin watanni huɗun farko zai ga abin da ya ɗauki wasan daga bokiti ɗaya zuwa miliyoyi: wani ya sani, ya nuna wa wani. Har gobe haka abin yake tafiya. Kusan duk ɗan wasan da ya daɗe yana da mutumin da ya kama hannunsa a fitar farko, kuma wannan mutumin shi ne aka fi cin bashinsa, shi ne kuma aka fi jinkirin biya. Shafin kowane ɗan wasa yana nuna ajiya nawa ya gano, a ƙasa nawa, a wace rana ya fi yawa. Ba wani gurbi da ke nuna wanda ya koya masa.

Abin da tsohon hannu ke koyarwa yana farawa ne daidai inda na'ura ta gaza. Taurarin GPS suna shawagi a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma na'ura na bukatar jin aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta san inda take. A fili tana yin ƙoƙari. A ƙarƙashin bishiyoyi, ko tsakanin dogayen gine-gine, ko a cikin kwazazzabo, saƙon kan yi tsalle-tsalle, kibiya ta nuna gabas yanzu, anjima ta nuna yamma. Ga kuskuren na'urar mai nema, ga kuma na na'urar wanda ya ɓoye tun farko. Sai mutum ya iske kansa tsaye a da'irar da faɗinta ya kai mita goma, waya na cewa an iso, shi kuwa ba abin da yake gani sai ciyawa da duwatsu.

A nan sabon shiga yake kafe ido a kan waya yana zagaye wuri ɗaya. Tsohon hannu kuwa aljihu yake sa tasa. Tambayar da yake yi wa yaronsa ita ce: da kai ne mai ɓoyewa, ina za ka sa? Daga nan ido ke buɗewa. Tarin itatuwan da aka jera su daidai a gindin bishiya, iska ba ta jera itace haka. Dutse ɗaya da launinsa ya bambanta da na 'yan'uwansa. Ƙusar da ke jikin shinge amma ba ta riƙe komai. Ajiya na iya zama tsohon akwatin harsashi na soja da zai ɗauki littafi da kayan wasan yara, tana iya zama ɗan ƙarfe mai maganaɗisu da bai fi kan yatsa ba, manne a ƙarƙashin bencin lambu, da 'yar takarda a naɗe a ciki. Ana iya karanta duk wannan a rubuce, amma ido ba ya koyo daga rubutu yadda yake koyo daga tsayawa kusa da mai gani. Malamin kirki ma in ya riga ya hango ajiyar ba ya nunawa. Sai ya ja da baya ya jingina da bishiya, ya bar sabon shiga ya sha wahalarsa har ya gano da kansa, domin daɗin wasan yana cikin wannan minti ɗaya. Haƙurin yin shiru alhali kana ganin abu, kyauta ce da ba kowa ke iya bayarwa ba.

Sai ladubban wasa. Wasu a rubuce suke: tsakanin ajiya da ajiya sai an bar mita 161, ba a haƙa rami, ba a sa abinci don kada dabbobi su fasa, sai da izinin mai fili, kuma ana nesa da makarantu da barikin soja da layin dogo. Akwai 'yan sa-kai da ke tantance kowace sabuwar ajiya kafin a wallafa ta. Abin dariya, bokitin Ulmer kansa, da aka ɗan binne shi ga kuma wake a ciki, yau ba zai tsallake wannan tantancewa ba. Wasu ladubban kuwa daga baki ake jin su. Ka mayar da ajiya daidai yadda ka same ta, ko da kana ganin ka san wurin da ya fi. In ka ɗauki abu, ka bar wanda ya kai shi daraja ko ya fi. Kada ka ɗora hoton da zai tona asirin maɓoya. In waɗanda ba 'yan wasa ba suna kallo, waɗanda ake kira magul, sunan da aka aro daga littattafan Harry Potter, to ka jira su wuce. In kuwa ka nema ka rasa, ka rubuta cewa ka rasa. Wannan ta ƙarshe ita ce sabon shiga ya fi ƙi, don yana ganin abin kunya ne. Tsohon hannu ne ke fahimtar da shi cewa da irin wannan rubutun mai ajiya ke gane ko kayansa sun ɓace.

Wani zai ce ai wasa ne, me ya kai ga wannan tsanani. Abin da ya faru a Wetherby, wani ƙaramin gari a Yorkshire ta Ingila, ya isa amsa. A watan Yulin 2011 aka ga wani mutum yana leƙe-leƙe a tsakiyar gari, ya tura wata robar ajiya ƙarƙashin tukunyar furanni ya tafi. Aka kira 'yan sanda, aka rufe shaguna na sa'o'i, sojoji masu kwance bam suka zo suka tarwatsa robar. Ajiyar wasa ce. 'Yan kasuwa suka yi asarar ciniki, wasan ya yi baƙin jini a garin. Sanin inda ya dace a ɓoye abu, da yadda ake nema ba tare da an tayar wa jama'a hankali ba, da yadda ake yi wa mai tambaya bayani a fili ba tare da kame-kame ba, duk daga wurin mutane ake koyonsu.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Kowace ajiya tana da maki biyu, daga tauraro 1 zuwa 5: ɗaya na wahalar ganowa, ɗaya na wahalar hanya. Tauraro 1 a hanya yana nufin mai keken guragu zai iya isa, 5 kuwa sai da kayan aiki na musamman, igiyar hawa ko kwalekwale ko kayan nutso. Abin da taurarin ba sa faɗa shi ne halin da sama take ciki yau. A watan Yunin 2018 a birnin Prague na Jamhuriyar Czech, ruwan sama mai ƙarfi ya rutsa da 'yan wasa huɗu a cikin magudanar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa. Biyu suka tsira, biyu suka rasu. Ba wanda ke da hurumin ɗora wa mamatan laifi, ambaliya ba ta sallama. Sai dai lamarin ya nuna darajar abokin da zai dubi hadari ya ce yau a koma gida, ajiya ba ta gudu. Na'ura kullum gaba take nunawa.

Daga koyarwa abota ke tsirowa, sau da yawa ba tare da an lura ba. Wasan yana cin tafiya mai nisa a mota, da fita da asuba don a riga kowa sa hannu a sabuwar ajiya, da zama kan wata tambaya mai sarƙaƙiya da sai an warware ta lambobi ke fitowa. Mutum biyu da suka kwashe sa'a guda suna laluben gindin gada suka tashi hannu wayam sun san juna ta wata fuska da zaman ofis ba ya nunawa. An ga wanda ke fushi, an ga wanda ke dariya, an ga wanda ke ɗora laifi a kan na'ura. Sau da yawa malamin ya girmi ɗalibinsa da shekara talatin, wani lokacin kuma ɗalibin ne babba, ɗan fansho da matashi ya koya wa latsa waya. Malamin ne ke ɗaukar waya da dare in an maƙale a daji ana neman haske. Shi ne ke jan sabon shiga zuwa taron 'yan wasa ya gabatar da shi. Tarukan nan ba ƙanana ba ne: GeoWoodstock ya fara a Louisville ta jihar Kentucky a 2003, kuma a 2014 wani taro a Munich ta Jamus ya zama na farko da aka ba matsayin wanda ya tara sama da mutum 5,000. Wanda ya shiga irin wannan cincirindo ba tare da jagora ba, a bakin ƙofa zai ƙare.

To me ake biyan wannan mutumin da shi? Galibi haruffa huɗu. A al'adar wasan, bayan sa hannu a takarda mutum kan rubuta labarin farautarsa a shafin ajiyar, kuma wannan rubutun ne kaɗai ladan mai ajiya, wanda ya sayi akwati da kuɗinsa, ya nemi izini, yake kuma zuwa sauya takarda in ta jiƙe. A farkon wasan mutane kan zauna gaban kwamfuta su rubuta sakin layi biyu ko uku. Da wayoyin zamani suka shigo, rubutun ya ƙanƙance ya koma TFTC, taƙaitacciyar godiya da ake latsawa a tsaye kafin a ruga ta gaba. Jerin ajiyoyi irin na babbar hanyar nan ta hamadar Nevada da ake wa laƙabi da hanyar baƙin sama jannati, inda aka jera sama da 1,000 a bakin titi, ya ƙara koya wa mutane cewa yawa shi ne gwaninta. Akwai kuma makin yabo da kamfanin da ke tafiyar da Geocaching.com ya ƙirƙiro, wanda ɗan wasa ke samun guda bayan kowace ajiya goma ya manna wa wadda ta burge shi. Tsari ne mai kyau, sai dai masu biyan kuɗin rajista ne ke da shi, kuma akwati ake yaba wa. Mutumin da ya tsaya a rana yana jiran ɗalibinsa ya gane dutsen bogi ba ya cikin lissafin.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Bakanike ko tela da ya san kansa, in aka tambaye shi inda ya iya aiki, sunan maigidan da ya yaye shi yake fara faɗa, ko da ya fi shi shago yanzu. 'Yan wannan wasa da ke alfahari da dubban ajiyoyi suna da abin koyo a nan.

Masu ganin an wuce zamanin malami suna da hujjarsu, kuma ba a raina ta. Manhaja kyauta ce, bidiyon koyarwa sun cika intanet, mutum na iya gano ajiyarsa ta farko shi kaɗai cikin rabin sa'a. Wasu ma kaɗaicin ne ya jawo su, ba sa son mai yi musu surutu a daji. Gaskiya ne kuma ba kowane tsohon hannu ne abin yabo ba. Akwai masu raina 'yan waya, masu kullum cikin kukan cewa wasa ya lalace tun da aka daina sayen na'ura ta musamman, masu tsawata wa sabon shiga a bainar jama'a don ya yi kuskure ɗaya. Irin waɗannan korar mutane suke yi. Amma ko ɗan kaɗaicin da bai taɓa fita da kowa ba, ajiyar da ya gano wani ne ya ɓoye ta, wani ya tantance ta, wani ya sauya mata takarda a damina. Ba wanda aka biya a cikinsu. Kuma kasancewar masu ɗacin baki suna nan shi ne ma ya ƙara wa mai haƙuri daraja.

'Yan wasan sun iya karramawa in sun so, matsalar lokacinta ce. Tun kafin GPS, Ingila na da irin wannan wasa a tsaunukan Dartmoor, inda wani jagoran matafiya, James Perrott, ya ajiye kwalba a Cranmere Pool a 1854 don baƙi su bar katinsu. William Crossing, marubucin da ya yi wa mutane jagorar wannan daji da alƙalaminsa, ya rasu a 1928. Sai a 1938 aka kafa akwatin tunawa da shi a Duck's Pool. Shekara goma bayan ya daina ji. A jiyokashin ma haka ake yawan yi. Tun da Jon Stanley na jihar Washington ya buga tsabar wasa ta farko a 2001, mai lamba a jiki da ake bin sawunta daga ajiya zuwa ajiya, buga irinta don tunawa da mamaci ya zama al'ada, haka ma ɓoye ajiya da sunansa da shirya taro a ranar da ya rasu. Abu ne mai taɓa zuciya, iyalai kuma suna jin daɗinsa. Sai dai dogayen kalaman da ake zubawa a irin wannan rana, wanda ake yin su dominsa ba zai karanta ko layi ɗaya ba.

Ulmer ya yi sa'a. Bokitinsa bai daɗe ba injin yankan ciyawa na masu gyaran hanya ya lalata shi, gwangwanin waken ne kawai ya tsira, har yau 'yan wasa na ɗaukar hoto da shi a taruka. Amma a 2003 suka haɗu suka kafa allon ƙarfe a daidai wurin, yana raye yana gani, kuma mutane na zuwa daga ƙasashe daban-daban don su tsaya a gabansa. Wannan ita ce karramawar da ta dace a kwaikwaya, ba sai da allon ƙarfe ba.

Hanyoyin ba su da tsada. Wanda ya gano ajiyar malaminsa ya zauna ya rubuta abin da ya gani a hanya, da inda ya ruɗe, da abin da ya tuna masa, domin mai ajiya yana karanta kowane layi. In zai cika ajiya ta 100 ko ta 1,000, ya zaɓi ta malamin, ya ambace shi. Ya riƙa tafiya da busasshiyar takarda da 'yar leda a jaka, in ya iske ajiyar dattijon ta jiƙe ya gyara ya sanar da shi. In an kira aikin gayya na kwashe shara, wanda 'yan wasan suka mayar al'ada tun 2002, ya fito ya tsaya kusa da shi.

Mafi nauyi a ciki shi ne riƙon ajiya. Ƙafa na gajiya, mutane na ƙaura, ciwo na zuwa. Ajiyar da mai ita ya daina leƙawa takan fashe ta cika da ruwa, ƙorafi ya taru, daga ƙarshe masu tantancewa su soke ta, duk tarihin sa hannun shekaru ya tsaya a nan. Tsarin wasan ya ba da dama mai ajiya ya miƙa ta ga wani ya ci gaba da kula da ita, amma shi ne zai fara aika tayin, ɗayan ya karɓa. Wato maganar sai an yi ta yana nan, yana da ƙarfin latsa kwamfuta. Ɗalibai da yawa kunya ke hana su tayar da ita, kada a ce suna yi wa dattijo fatan ƙarewa. Wannan kunyar ta ci ajiyoyi masu kyau da dama. Ajiyar Mingo a jihar Kansas, wadda aka ɓoye ranar 11 ga Mayu, 2000, ita ce mafi tsufa da ke aiki har yanzu, kuma ba ingancin akwati ya kawo ta yau ba. An sha lalata ta, ana sake gyarawa.

A ƙasar Hausa wasan bai yi ƙarfi ba, ajiyoyin da ke Najeriya da Nijar kaɗan ne in aka kwatanta da Jamus ko Amurka, duk da cewa wayar da ke aljihun ɗalibin jami'a a Zariya ko Maraɗi ta isa a fara. A yankin da jama'a suka ɗanɗana tashin bam, mutumin da aka gani yana cusa roba a ƙarƙashin benci ba zai samu sassaucin da aka yi a Wetherby ba. Duk matashin da sha'awar abin ta kama ya fara da neman wanda ya riga shi, ya sanar da mai unguwa da masu gadin wuri, ya kuma nisanci kasuwa da masallaci da tasha.

Ga wanda kuwa ya riga ya daɗe a wasan, a ko'ina yake, ya san sunan mutumin da ya fara fita da shi. In mutumin yana raye, ya kira shi a wannan makon ya gaya masa abin da ya koya a hannunsa, sannan ya tambaye shi wace ajiyarsa ce ke bukatar gyara.